Iskar da ke Ɗaukar Riɗi

Bayana ne ya fara gajiya, ba motar ba.
Shekara sha tara ina cilla buhu sama,
ran nan a Gujungu wani abu ya ce ƙas a ƙuguna.
Na zauna gefen sikeli ina kallon riɗin mutane,
ko takalmina na kasa sunkuyawa in ɗauka.

Sai na kai ta Ringim wurin Ɗayyabu bakanike,
na ce, sauke min ita ƙasa.
Ya zare ganyen sifirin bibbiyu,
ta durƙusa kamar raƙumin da ya ga mai shi,
bodinta ya dawo daidai cinyata.
Ilu yaron mota ya tura buhu da gwiwa ɗaya,
ya yi dariya har da buga ƙafa.

Daɗin bai kai kasuwa biyu ba.
Buhu sha biyu muka ɗora,
ta zauna daɓas a kan tayoyinta,
salansa na sharar burji,
kowace kwalbati sai ta gaishe ta da ciki.
'Yan tasha suka raɗa mata Kunkuru.
Wani ya ce, Haladu, mota ce ko garma?
Tabawa mai zoɓo ta leƙa ƙarƙashi, ta taɓe baki,
ta kira wata motar a kan idona.

Na koma Ringim da kunyata.
Ɗayyabu bai ce ai na faɗa maka ba,
ya jawo kwali daga ƙarƙashin benci:
shokozoba biyu masu shan iska,
da siririn tiyo kamar hanjin kaza,
da bakin hurawa da ya ɗaure gefen lamba.
Ya ce, in babu kaya, bar ta ta kwanta.
In an gama lodi, ba ta iska ta miƙe.
Amma ji nan, ya kama kunnensa,
iska ɗaga ta take, ba ta ƙara mata ƙashi.
Abin da aksul ya ƙi jiya, yau ma bai yarda ba.

Na biya da kuɗin tunkiyar Sallah.

Ranar farko, mai faci ya sa tiyo,
allurar geji tana hawa,
Kunkuru ta tashi a hankali da buhu sha biyu,
kamar tsohuwar da ta dafa tabarma ta miƙe.
Tasha ta yi tsit.
Ilu ya zagaya ta sau uku yana neman wanda ya ɗaga.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
Wani dare, bayan Taura, gefen hagu ya soma langaɓewa.
Muka tsaya, Ilu ya kaɗa sabulu a murfin jarka,
muka bi tiyo da tocila taƙi bayan taƙi
har kumfa ta tona inda ƙarfe ya ci shi.
Na yanke, na haɗa, na ɗaure.
Wani mai ban ruwan albasa ya ara mana famfon kekensa,
muka yi ta karɓa-karɓa, ni ashirin, Ilu ɗari,
sauro na karɓar nasa kuɗin.
Mutumin ya ƙi ko sisi,
sai dai ya tambaya, da gaske iskar kekena ce
za ta kai wannan kayan Kano?

Ita ce ta kai shi.

Yanzu Tabawa ta dawo, ba ta ce komai ba,
ni ma ban tuna mata ba.
Ta so in ƙara buhu uku, na kama kunnena.

In mun sauke a Dawanau, nakan danna bakin da ƙusa,
ta saki dogon numfashi, ta durƙusa.
Ni ma in jingina da ita,
in saki nawa.